Ranar da Na Goge Moɗar Marigayi Terry

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara aiki a mashayar Madam Maureen ba, kuma ko na yi niyyar mantawa Anti Rifkatu ba za ta bari ba. Duk bikin da ya haɗa mutanenmu a Landan, da zarar an ci an ƙoshi sai ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce bari ta ba da labarin 'yar fasto da moɗa. To, gara ku ji shi daga bakina, domin ita gishirin da take zuba masa ya yi yawa, har ni ma wani lokaci ba na gane kaina a ciki.

Daga Kafanchan na zo karatun jinya, na sauka wurin Anti a Deptford, wata unguwa a Landan. Ƙanwar mahaifiyata ce. Mahaifina fasto ne, irin wanda idan mai burkutu ta biyo ta ƙofar gidanmu sai ya sa a yayyafa ruwa a share. Ni kuwa abin da nake taƙama da shi a duniya shi ne tsabta. Ban iya waƙa ba, ban iya lissafi ba, kyan fuska ma daidai gwargwado ne, amma ku ba ni tukunyar da ta shekara a murhu da ɗan toka da yashi, ku dawo ku duba fuskarku a gindinta. A makarantar kwana dubagari ake kira na, kuma ni a tunanina yabo ne. (Sai da na girma na gane ba da so ake faɗa ba.)

Akwai kuma wata tarbiyya ta gidanmu da ya kamata ku sani tun yanzu. Idan Baba yana cin abinci ya tashi ya bar kwano a buɗe, ko awa zai yi a waje ba mai taɓa shi, bai gama ba ke nan. Amma idan ya ɗauki faifai ya rufe kwanon, to ya gama, kuma yarinyar da ta bari ya sake waiwayowa ya ga kwanon nan a wurin ta shiga uku da Mama. Da wannan aka rene ni. Hannuna yana ganin rufaffen kwano yake miƙewa, ba ya ma jiran umarni daga kaina.

Shekarar da na zo ita ce shekarar da doka ta hana shan taba a cikin mashaya da sauran wuraren da jama'a ke taruwa a Ingila. Ga Anti Rifkatu wannan doka alheri ce, don tana da asma, da can ko ƙofar mashaya ta wuce sai ta yi ta tari. Ga Madam Maureen kuwa abin ya zo da wuya. Mashayarta tsohuwa ce, a wata kwana kusa da kasuwar unguwa, ta gaje ta daga mijinta, ko da yake ginin na wani kamfani ne. Anti ta ce makon farko da hayaƙi ya ɗauke, sai duk warin da ya yi shekaru yana ɓoyewa a bayansa ya fito fili: tsohuwar giyar da kafet ya sha, gumin mutane, da abin da ke zuwa daga bayan gida. Madam ba ta tsaya kuka ba. Ta naɗe hannun riga ta yaye kafet ɗin da kanta, ta sa aka yi fenti, ta buɗe kicin ɗin da ya daɗe a rufe, ta ɗauki Anti aikin girki. Ana soya kifi da dankali kamar yadda suka saba, ranar Juma'a kuma Anti ta yi dafa-duka da farfesun kayan ciki. Ita Madam ɗin ma tun tana budurwa take shan taba, amma ranar da dokar ta fara aiki ta daina, ta ce ba za ta kori mutane waje da abin da ke cikin aljihunta ba.

Duk da haka ciniki ya faɗi, kuma kowa ya san dalili. Akwai wasu tsofaffi da ke zama a teburin kusurwa kusa da taga, tsofaffin ma'aikatan tashar jiragen ruwa da direbobin bas da suka yi ritaya. Su ne ke cika wurin da rana a tsakiyar mako, su ne kuma ke janyo 'ya'yansu da surukansu a ƙarshen mako. Jagoransu wani dogon tsoho ne mai suna Frank. Frank ya rantse ba zai sake taka wurin ba, ya ce a nan ya yi shagalin aurensa, ba zai yarda yanzu da furfurarsa a tura shi bakin titi cikin ruwan sama don karan taba ɗaya ba. Da ya ɗauke ƙafa sauran suka bi shi. Kowa ya koma sayen giyar gwangwani yana sha shi kaɗai a gaban talabijin. A cikin 'yan watanni wasu mashayu biyu a unguwar suka rufe, ɗaya aka mayar da ita gidajen haya, ɗayar kuma wani fasto ɗan ƙasarmu ya karɓa ya yi coci. Kamfanin mai ginin ya gaya wa Madam idan an shiga sabuwar shekara abu bai canja ba za su sayar. Ke nan ita ta rasa gidanta, don a saman mashayar take kwana, Anti kuma ta rasa aikin da muke ci da shi ni da ita.

Madam ta yi iya ƙoƙarinta. Ta sa aka kafa rumfa a gefen ginin, a buɗe kamar yadda doka ta ce, ta sa na'urar ɗumama wuri, ta jera kujeru, har barguna ta saya. Ta bi tsofaffin gida-gida da abinci a hannu. Suka karɓi abincin, suka gode, ba wanda ya dawo. Ana cikin haka, sanyi ya shigo sosai, sai ɗaya daga cikinsu mai suna Terry ya rasu da ciwon huhu. Matarsa ta ce bayan jana'iza ba inda za a taru sai mashayar Maureen, don a can mijinta ya fi daɗewa fiye da falon gidansu. Frank bai isa ya ƙi zuwa zaman makokin abokinsa ba. Madam ta gaya wa Anti cewa wannan ce damarta ta ƙarshe, idan suka zauna a kusurwarsu sau ɗaya suka ji kamar gida, wataƙila su dawo.

A ranar ne take neman ƙarin hannu, Anti ta kawo ni. Na yi ta noƙe-noƙe, wai ni 'yar fasto a gidan giya. Anti ta harare ni ta ce, "Ke, ba giya za ki sayar ba. Kwashe kofuna ne da wanke-wanke, shift ɗaya tak. Ko rent ɗin flat ɗin nan da addu'a ake biya?" (Baba dai na gaya masa gidan abinci ne, kuma ai ana sayar da abinci.)

Madam Maureen gajeriya ce, kakkaura, gashinta fari fat, muryarta kuma duk taba ta gama da ita. Kowa love take ce masa, wato masoyi, daga tsoho har mai kawo kaya. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce aikina sauƙi ne: wanda ya gama in ɗauke kofinsa, in goge tebur, in yi murmushi. Na ce mata kada ta damu, ta samu wadda ta iya. Har yau idan na tuna yadda na faɗi maganar nan da ɗaga kai sai in ji kunya ta sake kama ni.

Bayan azahar suka iso daga maƙabarta, cikin baƙaƙen kwat masu ƙanshin akwati. Na ga yadda suka tsaya a bakin ƙofa suna kallon sabon fenti kamar baƙi. Madam ta tarbi kowa da sunansa, ba ta yi wa kowa gorin daɗewa ba. A cikinsu akwai baƙar fata ɗaya, wani dattijo mai tafiyar soja, wanda da ya ji ni da Anti muna magana sai ya tsaya cak ya ce, "Af, 'yar gida ce? 'Yar wa ce ke?" Baba Ishaya ke nan, mutumin Langtang, tsohon soja, ya yi shekaru yana tuƙin bas a Landan har ya zama ɗan teburin kusurwa. Muka gaisa, na durƙusa kaɗan, ya sa mini albarka. Daga nan Anti ta ja ni kicin, na shiga jera faranti da yanka burodi, ban ƙara sanin abin da ake yi a ciki ba.

Da na fito da tire a hannu sai na tarar da wurin wayam. Ba kowa, har Madam. Ta taga na hango su duka a rumfa, sun yi da'ira, hayaƙi na tashi. (Daga baya na ji cewa Terry ne ya bar wasiyya abokansa su sha masa kara ɗaya. Mutumin da taba ta kashe, ku ji fa. Kowa kuma sai da ya faɗi wani abu a kansa, shi ya sa suka daɗe.) Na juya na dubi teburin kusurwa. Tambulan ne jere, wasu rabi, wasu ko kurɓa biyu ba a yi musu ba. Kuma kowane ɗaya an rufe bakinsa da ɗan kwalin nan mai kama da faifai da ake ɗora kofi a kai.

Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe Turawa ma suna da tarbiyya, ashe su ma sun san faifai. Na ɗan yi tsaki saboda almubazzaranci, mutum ya sayi abu ya bar shi cike, amma sai wani tunani ya zo mini wanda ya fi wannan daɗi: mutuwar abokinsu ce ta taɓa zukatansu, sun ga ƙarshen wannan hanya, sun ajiye kofi. Na kwashe su tas, sawu biyu na yi. Na tsaya a wurin wanke-wanke ina tuttular da su ɗaya bayan ɗaya, ina 'yar waƙar coci a ƙasan maƙoshi. A raina ina ganin da Baba zai gan ni a lokacin da ya yi alfahari da ni.

A cikin kayan da na kwaso akwai wata moɗa ta ƙarfe mai hannu, ita ma cike, ita ma a rufe, na ɗauko ta daga gaban wata kujera da aka rataya wa hula. Da na zubar da abin da ke ciki na leƙa, sai da tsigar jikina ta tashi. Baƙa ƙirin. Ciki ya yi wani irin datti mai kauri, waje ya dusashe, hannun ya yi maiƙo. Na ce yau ga dalilin da ya sa ciniki ya mutu, a ce a ƙasar da ake taƙama da asibiti ana ba mutum abin sha a wannan. Na tausaya wa Madam, tsufa ya sa ido ba ya gani. Na ɗauko soson ƙarfen da Anti ke kankare tukunya da shi, na haɗa da gishiri da lemun tsami, na zage. Anti tana suyar kifi ta ba ni baya, ta ji ƙarar kankara ta ce me nake gogewa haka. Na ce wani tsohon kofi ne. Ta ce, "Yawwa, 'yar Mama, nuna musu." Wannan wurin ne kullum take tsallakewa idan tana ba da labarin.

Moɗar nan ta fito. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, har yanzu ina faɗa. Tana walƙiya kamar sabon kwanon amarya. Na goge teburin kusurwa, na tattara kwalayen na jera su a gefe, na ajiye moɗar a tsakiya inda kowa zai gani. Sannan na koma gefe na tsaya, hannu a baya, ina jiran yabo, har na shirya abin da zan ce idan an yabe ni, wato ai ba komai ba ne.

Suka shigo suna murza hannu saboda sanyi, idanun wasu jajur. Frank ne a gaba. Ya iso teburin ya tsaya. Na bayansa suka tsaya. Shiru ya sauka, ni kuma na ɗauka mamakin tsabta ne, na ƙara faɗaɗa murmushi. Frank ya tambaya ina giyarsa. Na matso, na tattaro Turancina mafi kyau, na ce masa tunda ya gama na zubar, kuma kada ya damu, aikina ne. Bai ko dube ni ba. Idonsa na kan moɗar. Ya miƙa hannu kamar zai ɗauka, sai ya fasa.

Baba Ishaya ne ya zo kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "'Yata, me kika yi?"

Na ce, "Baba, sun rufe ne, na kwashe."

Ya rufe ido ya buɗe. "A nan ba haka ba ne. Tun da aka yi ban ɗin nan na shan taba, in mutum zai fita smoking sai ya rufe kofinsa. Ma'anarsa ina dawowa, kar a taɓa." Ya nuna teburin. "Moɗar kuma ta mamacin ce. Tun yana saurayi take rataye a bayan kanta, ba mai sha da ita sai shi. Sabulu bai taɓa shiga cikinta ba, ɗauraya kawai, ya ce a nan daɗin yake. Yau Maureen ta cika masa ta ƙarshe. Da mun shigo, kowa zai kurɓa sau ɗaya mu yi masa sallama."

Akwai kunyar da ke sa mutum ya ji zafi a fuska, akwai kuma wadda ke sa ƙafafu su yi sanyi. Ni duka biyun suka same ni lokaci guda. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma Madam ta riga ta sa sabon katako. Na hango Anti a ƙofar kicin da ƙafa ɗaya a waje, cokalin suya a hannu, ta gane, ta koma ciki a hankali ta bar ni.

Frank bai yi ihu ba, kuma da ya yi ihun da ya fi mini sauƙi. Ya juya wurin Madam ya yi magana a natse. Ya ce da farko an tura su titi, sun haƙura sun fita don Terry, yanzu sun dawo sun tarar an share su kamar ba su taɓa zama a wurin ba. Ya ce ba laifin kowa ba ne, wurin ne ya daina zama nasu. Ya ɗauki kwat ɗinsa na sanyi daga jikin kujera. Na ga sauran ma kowa ya fara laluben nasa. A nan na gane ba giya kawai na tuttular ba, har da gidan Madam da aikin Anti.

Abin da Madam ta yi a lokacin shi ya sa har gobe ba na yarda a faɗi aibunta a gabana. Hanya mafi sauƙi a gare ta ita ce ta balbale ni da faɗa a gabansu, ta kore ni, su huce. Ni kaina da na ce ta yi daidai. Sai ta zo ta tsaya tsakanina da Frank, kanta ko kafaɗarsa bai kai ba, ta ce, "Laifina ne, ban gaya mata ba. Yarinyar nan a gidana take aiki, Frank. Mai magana ya yi da ni." Ta san abin da take sakewa daga hannunta, amma ba ta matsa ba.

Frank ya gyaɗa kai ya nufi ƙofa. Ni kuma sai jikina ya yi abin da aka koya masa. Na sha gabansa na zube a kan gwiwoyina biyu, na kama takalminsa, na fashe da kuka. Turancin da na yi shekaru ina tarawa ya gudu ya bar ni, sai ji na yi ina cewa, "Baba ka yi haƙuri, ka yafe mini, don Allah kar ka tafi, ban sani ba ne." Da Hausa, a tsakiyar mashaya, a Deptford.

Su kuwa ba su taɓa ganin haka ba. Wata ta ce na suma, wani ya ce a kawo ruwa, wani ya fara laluben waya zai kira motar asibiti. Frank ya firgita fiye da kowa. Mutumin da tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa durƙusa masa, ga baƙuwar yarinya ta riƙe masa ƙafa tana kuka da wani yare. Ya saki kwat ɗin ya sunkuya zai ɗaga ni. Abin da ban sani ba shi ne an yi masa aiki a gwiwa ba da daɗewa ba. Gwiwar ta ƙi, ya tafi a hankali, ya zauna daɓas a ƙasa kusa da ni. Ya yunƙura, ya kasa. Na yunƙura zan taimake shi a matsayina na ɗalibar jinya, sai na tuna bai ce ya yafe ba, na koma na durƙusa. Muka zauna muna kallon juna, shi yana haki, ni majina har leɓe.

Daga ƙasan ya ɗaga kai ya tambayi Baba Ishaya me nake cewa. Baba ya fassara, sannan ya ƙara da nasa. Ya ba su labarin kwano da faifai, ya ce a garinmu yarinyar da ta ga an rufe kwano ba ta ɗauke ba, uwarta ake zagi. Ya ce kuma ba zan tashi daga wurin ba sai babba ya ce ya yafe, ko da za a kwana.

Sai muka ji dariya. Matar Terry ce. Ashe ta ɗauki moɗar tana jujjuya ta. Dariya take yi hawaye na zuba, har sai da ta dafa tebur. Ta ce tun ranar da aka ɗaura musu aure take roƙon mutumin nan ya bari ta wanke ƙazamar moɗar nan, ya ƙi, har cewa ya yi zai iya rabuwa da ita a kan haka. Ta ce, "Sai da ya bari aka binne shi, sannan Allah ya turo mini yarinya tun daga Afirka." Ta zo ta sumbace ni a ka, ina durƙushe.

Wani ya tuntsire, wani ya bi, har wurin ya ɗauka. Frank ya yi ta ƙoƙarin riƙe fuskarsa, gashin bakinsa na motsi. Can ya ce ya yafe, don girman Allah in tashi, mutane na kallo. Na tashi. Shi da aka zo ɗaga shi sai ya ce a dakata, tunda dai ya riga ya zauna, a kawo masa giyarsa nan. Madam ta zagaya bayan kanta ta cika tambulan, ta kawo masa har ƙasa, ta sake cika wa kowa nasa ba ta karɓi ko sisi ba. Ta cika moɗar ma, aka zagaya da ita hannu-hannu. Baba Ishaya ya kurɓa ya ce lemun tsami yake ji. Da ta iso kaina na ce ba na sha, matar Terry ta ce in riƙe kawai, na riƙe, na miƙa wa na gaba.

Washegari da rana tsofaffi uku suka zo. Bayan kwana biyu Frank ya shigo yana ɗingishi, ya ce ya zo ne kawai ya ga ko an wanke rufin ɗakin ma. Mita ba su daina ba, kullum sai sun zagi dokar da waɗanda suka kafa ta, amma a rumfar Madam suke zagin, lulluɓe da bargunanta. Aikin rana ɗaya ya zama nawa har na gama karatu. Frank kuma ya naɗa ni mai gadi. Duk sanda zai fita sai ya ɗora kwalin a bakin kofinsa, ya nuna ni da yatsa, ya nuna kofin, ni kuma in ɗaga hannuwana sama ya ga ba soso. Mashayar ba ta yi arziki ba, amma ba a sayar ba. Iyalai suka fara zuwa cin abinci ranar Lahadi da yaransu, abin da hayaƙi ya hana a da, har bikin suna mutanenmu sun yi a ciki.

Yanzu a wani babban asibiti a Camberwell nake aiki, ɓangaren masu ciwon ƙirji. Na ga abin da taba ke yi wa huhu da idona, don haka ba wanda zai ji na zagi dokar nan, daidai ce. Amma na kuma ga tsofaffin da ake kawowa waɗanda suka yi makonni ba wanda ya kira sunansu, tun da wurin zamansu ya rufe. Madam Maureen ba ta yi karatun jinya ba, ta dai san cewa idan mutanenta suka koma gida suka rufe ƙofa, ba taba ce kaɗai za ta kashe su ba. Shi ya sa ta bi su da barguna.

Shekaru bayan haka Frank ya rasu. 'Yarsa ta kira ni ta ce ya bar saƙo in zo. Na taho daga aiki da kayan asibiti a jikina. Madam, wadda lokacin da sanda take tafiya, ta sauko da wata moɗa daga ƙugiya, ashe Frank ma yana da tasa, ta cika, ta rufe, ta ajiye a gaban kujerarsa. Tsofaffin da suka rage suka miƙe za su rumfa. 'Yar ta ce mini saƙon shi ne kowa ya fita, ni in zauna in yi gadi, don ni kaɗai ya yarda da ita. Na zauna ni kaɗai a kusurwar ina kuka.

Cikin kukan ne idona ya faɗa kan moɗar. Jama'a, ta fi ta Terry baƙi. Na ji yatsuna sun fara ƙaiƙayi, na san kuma inda Anti ke ajiye soso. Sai na ɗaga cinyoyina na tura hannuwana ƙarƙashi na zauna a kansu har aka dawo. Abin da na koya ke nan a ƙasar mutane: kafin ka gyara wa wani abinsa, tambaye shi ko ya lalace. Halin kuwa bai bar ni ba, na dai koyi inda zan ajiye hannuna.